Yadda ake gano dangantakar ƙaguwoyi ta DNA na mitokondiriya

Kamannin ƙaguwa na yaudarar mai bincike, domin siffar faffaɗan ƙoƙo da naɗaɗɗen ciki ta ɓullo fiye da sau ɗaya a zuriyoyi mabambanta. Shi ya sa ake komawa ga zoben DNA na mitokondiriya (sashen ƙwayar halitta da ke samar mata da makamashi), mai haruffa wajen 16,000 da ƙwayoyin gado 37: 13 na furotin, 22 na tRNA, 2 na rRNA.

Aikin yana gyaruwa ko lalacewa tun a bakin rafi. A ciro tsoka daga cikin ƙafa, kamar girman ƙwayar shinkafa, a jefa a etanol mai ƙarfin kashi 96, a sake sabo washegari, domin ruwan tsokar yana sirka shi. Kada a kusanci fomalin, yana kakkarya DNA. A adana sauran jikin da lamba, musamman na namiji, tunda da gaɓar barbararsa ake tantance jinsi, wato nau'in ƙaguwa, a ƙaguwoyin rafi irin Sudanonautes na Nijeriya da Kamaru.

A narkar da tsokar da Proteinase K, sinadari mai narkar da furotin, a digiri 56 na Salsiyas, a tace DNA, sannan a ninka COI, ɗaya daga ƙwayoyin gado 13 na furotin, ta PCR (hanyar yin kwafin DNA da yawa) da LCO1490 da HCO2198, gajerun guntayen DNA masu nuna inda za a fara da inda za a tsaya, waɗanda ke ba da haruffa 658. A haɗa da 16S, ɗaya daga biyun nan na rRNA.

Babban tarko yana nan. Wani lokaci gutsuren DNA na mitokondiriya yakan ƙaura zuwa cibiyar ƙwayar halitta ya mutu a can, ana kiransa numt, kuma PCR ba ya bambanta shi da na ainihi. A juya jerin COI zuwa amino asid da jadawalin fassarar DNA na 5, na dabbobi marasa ƙashin baya. In alamar tsayawa ta bayyana a tsakiya, ko aka ga giɓin harafi ɗaya ko biyu, a yar da jerin. Wanda ya tsallake wannan zai ƙirƙiro sabon jinsin da babu shi a duniya.

Sai a daidaita jerin haruffan da aka samu da manhajar MAFFT tare da na GenBank, ma'ajiyar jerin DNA ta intanet, a gina bishiyar dangantaka da manhajar IQ-TREE ko MrBayes, in da IQ-TREE ne a gwada ƙarfin rassa sau 1,000. In Brachyura, wato ƙaguwoyi na ainihi, ake dubawa, a ɗauko ɗan Anomura, rukunin da ya fi kusa da su, a kafa saiwar bishiyar da shi. Ta irin wannan hanya aka nuna a 1992 cewa katuwar ƙaguwar tekun Alaska daga zuriyar ƙananan da ke fakewa a ƙoƙon katantanwa ta fito.

COI yana da kyau wajen raba jinsi da jinsi, amma a tsofaffin rassa yakan ruɗe, domin harafi na uku na kowane kodon (haruffa uku da ke nuna amino asid ɗaya) ya sauya har ya maimaita kansa. A nan a karanta zoben gaba ɗaya, a duba yadda ƙwayoyin suka jeru: a Brachyura trnH, ɗaya daga ƙwayoyin tRNA, ya bar tsakanin nad5 da nad4 ya koma tsakanin trnE da trnF. Kuma tunda ta wajen uwa kaɗai ake gadon mitokondiriya, a gwada bishiyar da H3 ko 28S, ƙwayoyin gado na cibiyar ƙwayar halitta, kafin a sauya wa wata ƙaguwa dangi.