Yadda mai shagon yankan dutsen kicin zai bi yayi ba tare da ya karya jarinsa ko lafiyarsa ba

Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan tamu ta yankan dutse da ɗora shi a saman kabet ɗin kicin ya san abin da nake shirin faɗa. Shekarun baya in Hajiya ta shigo shago ba ta wuce baƙin giranayit mai ɗigon zinare, wato Black Galaxy da ake haƙowa a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, ko Tan Brown, ka auna ka yanka ka goge baki ka ɗora shi ke nan. Yanzu kuwa kafin ma ku gama gaisawa ta ciro waya ta nuna maka hoton kicin daga Instagram, fari sol da jijiyoyi ruwan toka suna ratsawa, ta ce maka "Malam irin wannan mabul ɗin nake so", alhali kai kana da falle goma sha na baƙin dutse jingine a bango wanda kuɗinka ke kwance a ciki tun bara.

Abu na farko, ka san mene ne a hoton nan, domin a wajen kwastoma komai sunansa mabul, kuma in ka bi bakinta ka kawo mata mabul na gaskiya kai za a zaga daga baya. Yawanci abin da ke hoton kwaz ne, dutsen haɗi na kamfani. Ana niƙa ma'adinin kwaz ya kai kamar kashi 90 cikin 100 na fallen, a kwaɓa da roba mai ɗaurewa da launi, a matse da inji. Kamfanin Breton na Italiya ne ya fito da fasahar, Caesarstone na Isra'ila ya fara a 1987, Cosentino na Sifen ya fito da Silestone a 1990, sai daga baya masana'antun Sin da Indiya da Turkiyya suka cika duniya da shi a farashi mai sauƙi, da haka ya ture giranayit a Amurka da Ostireliya kafin ya iso kasuwannin kayan gini na Dei-Dei a Abuja da Ƙofar Ruwa a Kano. Bayan shi kuma ga fosilin mai faɗi, wato fallen tangaran, da dangin Dekton na Cosentino wanda ya fito a 2013, su gasa su ake yi da wuta mai tsanani, babu roba a ciki.

To ka ajiye gutsure na kowanne a kan teburinka, da lemun tsami da ɗan manja a kwalba. In kwastoma ta zo kar ka tsaya dogon bayani, ka matsa lemon a kan gutsuren mabul ku ci gaba da hira minti goma, ka goge ka ɗaga shi wajen haske, za ta ga inda sheƙin ya mutu ya bar tabo kamar an ɗiga ruwa ya bushe, domin tsami yana cin mabul, kuma taurinsa 3 ne kacal a ma'aunin tauri inda giranayit ke tsakanin 6 da 7, bakin wuƙa ma yana karce shi. Ka zuba manja a kan farin giranayit da ba a shafa wa maganin toshe ƙofofi ba ta ga yadda yake sha. Kwaz ba ya shan mai, nan ne ya fi su, amma ka gaya mata gaskiya robar da ke ciki ba ta son zafi, tukunyar tuwo da aka sauke daga wuta aka dire kai tsaye tana iya barin zagayen ƙuna da ba ya gyaruwa ko ma ta tsaga shi, kuma in rana tana dukansa kullum fari yana komawa rawaya-rawaya. Ni da kaina in aka ce kicin ɗin tsakar gida ne, inda ake girkin biki da manyan tukwane, ba na yarda in sa kwaz ko an matsa, giranayit nake cewa a sa, kwaz ɗin a bar shi kicin ɗin ciki. Sannan kowanne aka zaɓa ka ja kunne kar a ɗora turmi a kai ana daka, ko ƙaramin na jajjage ne.

Wannan ɗan gwajin na minti goma ya fi maka komai, domin rigimar bayan aiki ita ke cinye ribar shago.

Sai maganar jari, kuma a nan yayi ya fi kassara mutane. Da can launi biyar ko shida ka riƙe sun ishe ka shekara. Kwaz da fosilin kuwa zane ne na kamfani, bana jijiya mai kauri ake so, baɗi siririya, wata shekarar mai ruwan zinare, ka sayi falle ashirin na zane ɗaya kana murna ka samu sauƙi, kafin ka sayar da rabi an daina tambayarsa. Shawarata kar ka tara kaya. Ka riƙe samfur kawai, ka ƙulla amana da dila biyu ko uku, in aiki ya tabbata an ba da kafin alƙalami sannan ka je ka ɗauko falle, kuma ka je da kanka ko ka tura wanda idonsa ya buɗe, ka duba lambar rukuni a bayan fallen ta zama ɗaya, domin farin kwaz guda biyu masu suna ɗaya daga rukuni daban in aka haɗa su a kicin ɗaya sai ka ga ɗaya ya fi ɗaya haske, a shago ba za ka lura ba sai an kunna fitilar kicin. Tsohon giranayit ɗin da ya kwanta maka kuma kar ka zauna jiran yayinsa ya dawo, ka tallata shi wajen masu matakalar bene, dokin ƙofa, gindin taga, kantar shagon magani da gidan abinci, su ba ruwansu da Instagram, ƙarfi suke nema.

Farashi kuma ka daina bayarwa a buɗe. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024, kowa ya ga yadda kayan waje suke canza kuɗi cikin sati. Ka rubuta a takarda cewa kuɗin nan na kwana bakwai ne, ka karɓi abin da zai sayi dutsen gaba ɗaya kafin ka taɓa komai.

Akwai kuma asarar yanka da da yawa ba sa lissafawa. Babban fallen kwaz mita 3.2 ne a 1.6, wato murabba'in mita biyar da ɗan ɗori. Giranayit mai ɗigo-ɗigo kana iya juya shi duk yadda ka so ka cike lungu da ragowar wani aiki ba wanda zai gane. Mai jijiya ba haka yake ba, dole jijiyar ta bi hanya ɗaya, ta haɗu a inda aka yi haɗi, in kuma ana son ta gangaro gefen teburin tsakiya har ƙasa to sai ka ga kicin mai murabba'in mita shida ya ci falle biyu cur. Saboda haka a irin wannan aikin ka yi kuɗi da falle, kar ka yi da mita. Ka ɗauki hoton fallen, ka zana yadda za ka fitar da kowane yanki a kai, ka tura wa mai gida ta WhatsApp ya gani ya ce ya yarda, ka adana saƙon.

Yanzu aikin hannu. Awo da tef kaɗai ba ya isa, bangon gidajenmu da wuya ka samu wanda ya miƙe, ka yanka siraran filawud ka haɗa siffar saman kabet ɗin a wurin, ka rubuta a jiki ina ne bango ina ne gaba, ka karɓi sinki da kukar gas ɗin a hannu kafin ka huda, kar ka yarda da "irin na kowa ne". Ka ɗora lebur, wato abin auna daidaito, a kan kabet ɗin, in kafinta bai daidaita ba a gyara tukuna, domin dutse ba ya lanƙwasa, inda ya rataya a iska nan zai karye. Ramin sinki kar ka taɓa yi masa kusurwa mai kaifi, ka fara huda lungunan huɗu da abin huda mai zagaye sannan ka haɗa layukan, lungun ya zama mai lanƙwasa kamar santimita ɗaya, kuma ka bar aƙalla santimita biyar tsakanin ramin da bakin dutsen. Kusan duk tsagewar da na taɓa gani a kwaz daga lungun sinki ko na kukar gas take farawa.

Fosilin shi ya fi ba da wahala, kuma na ga ƙwararru da suka shekara ashirin a giranayit ya ba su kunya. Sirara ne, yawanci milimita 12, yana da tauri amma yana da gautsi kamar tangaran, kuma akwai ɗaurewa a cikinsa tun lokacin da aka gasa shi, in ka shiga tsakiyarsa kai tsaye sai ka ji ƙas, layi ya tafi har ƙarshen falle. Ka fara rage bakunansa santimita biyu zuwa uku ya saki jiki, ka sa faifan yanka nasa na musamman, ka tafi a hankali musamman wajen shiga da fita, ruwa ya wadata, teburin yankan ya zama shimfiɗe ba tudu ba kwari. Zanen a fuska kawai yake, ciki ba komai, shi ya sa bakinsa sai an yanka a digiri 45 an manna wani yanki ya ba da kauri. In ba ka da injin da zai ba ka wannan yankan a miƙe, kar ka karɓi aikin don kunya, ka kai a yanka maka a inda suke da babban inji ka biya, kai ka yi awo da ɗorawa. Ɗauka kuma a tsaye ake ɗaukar falle ba a kwance ba, giranayit mai kaurin santimita biyu ma murabba'in mita ɗaya ya haura kilo 50, kar ka bar yara biyu da abin da ke buƙatar huɗu.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka shi ne ƙura, kuma ina roƙon duk mai shago ya karanta nan a natse. Haɗarin ƙurar daga silika yake, wato ma'adinin da ke cikin yashi da duwatsu; mabul silikar da ke cikinsa kaɗan ce ƙwarai, giranayit yawanci ƙasa da rabi, kwaz kuwa yana kaiwa kashi 90. In ka sa giranda, wato injin yanka na hannu, a busasshen kwaz, farin garin nan da ke tashi ya rufe gira da gashin yaron shago, mafi haɗarinsa ido ba ya gani, yana shiga can ƙasan huhu ya zauna, huhun ya yi ta tabo yana ƙanƙancewa. Sunan ciwon silikosis kuma ba shi da magani, sai dai dashen huhu. Da ciwon masu haƙar ma'adinai ne da ke bayyana bayan shekara ashirin ko talatin, amma da kwaz ya yi yawa sai aka fara ganinsa a jikin samari 'yan shekara talatin da ba su fi 'yan shekaru suna yanka ba, a Isra'ila da Sifen da Ostireliya da Amurka. A 2023 mai kamfanin Cosentino ya amsa laifin sakaci a gaban kotu a birnin Vigo na Sifen kan ma'aikata biyar da suka kamu. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar gaggawa a Disamban 2023 bayan ciwon ya kama ma'aikata da yawa, akasarinsu baƙi 'yan ci-rani daga Latin Amurka. Ostireliya kuwa haramta shi ta yi gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2024, ita ce ƙasa ta farko, shagunan can dole suka koma fosilin da dutsen asali da sabbin faluka marasa silika. Tsorona shi ne kayan da waɗancan kasuwanni suka ƙi su gangaro wajenmu da araha, mu kuma mu yi ta yanka a bushe a bakin titi.

Don haka a shagonka ka kafa doka, ba a yanka ba a gogewa sai da ruwa, ko da yankan santimita biyu ne. Ka nemi giranda mai bututun ruwa, wayar wutar ta zama lafiyayya da na'urar da ke katse wuta in ta haɗu da ruwa, yaro ya sa takalmin roba. Yaro ya tsaya da gorar ruwa yana ɗiga wa ya fi babu amma bai kai ba, ka ja tiyo. Taɓon da ya taru a kwashe shi tun yana jiƙe, in ya bushe ya koma ƙura, kuma kar a share shago da tsintsiya a bushe ko a hure da iskar kwamfuresa. Hankici ko takunkumin asibiti ba sa tare wannan ƙurar, ka sayi na roba mai matatar P100 ko P3, ko aƙalla N95, ya kama fuska sosai, mai gemu ya sani iska tana bi ta gefe, shi ya fi kowa buƙatar ruwan ya wadata. Duk huda da gyaran baki a gama su a shago, kar ka je gidan mutane ka tayar da giranda a kicin a rufe da yara suna wasa a falo. Kayan aiki a cire su a shago kafin a tafi gida, a wanke hannu da fuska kafin a ci abinci. In za ka sayi kwaz ka tambayi dila takardar kamfani da ke nuna yawan silika, yanzu manyan kamfanoni suna yin mai ƙarancinta, ko ya ɗan fi tsada ka nuna wa kwastoma dalili.

In kuma kai ko wani yaronka yana tari da ya ƙi tafiya, ko numfashi yana sama-sama in ya hau bene, ko yana ramewa, a je asibiti a ɗauki hoton ƙirji, kuma da bakinka ka gaya wa likita aikin yankan dutse kake yi, shekara kaza, kwaz ne ko giranayit, da ruwa ko a bushe. Silikosis yana kama da tarin fuka a hoto, kuma yana sa tarin fukan ya fi saurin kama mutum, in ba ka faɗi sana'arka ba ana iya ɗora ka kan maganin tarin fuka wata shida kana komawa cikin ƙurar da ta jawo abin.