Yadda za a kawo wutar sola makarantar firamare ta ƙauye ba tare da an yi asarar kuɗi ba

Sana'ata haɗa sola ce, kuma duk hedimastan da ya kira ni, tambayar farko da nake masa ita ce: Malam, me za ku kunna, kuma da ƙarfe nawa? Yawanci sai a ce min "komai da komai". To, da wannan amsar ake sayen kayan da suka fi ƙarfin aljihun makaranta, bayan shekara biyu batir ya mutu, allunan sola su zama wurin hutun tattabaru.

A zauna da takarda da biro a yi lissafi. Ɗauki makaranta mai aji shida da ofis ɗaya. Fanka biyu a kowane aji, irin na zamani masu cin wat 30, sun zama wat 360. Idan suka yi awa biyar, an ci wat-awa 1,800, wato wat 360 sau awa biyar. Ƙwan fitila 14 masu wat 9, na awa uku, kusan 380. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta ofis, wat 60 na awa huɗu, 240. Jimilla wajen 2,400 a rana. A ƙara kashi 30 cikin ɗari saboda abin da ke salwanta a waya da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) da zafi, an kai 3,100. A yankinmu ana lissafin awa biyar na rana mai ƙarfi, don haka idan aka raba 3,100 gida biyar, ana buƙatar alluna masu wat 620 ko sama da haka. Alluna biyu masu wat 400 sun wadatar. Amma idan aka sa tsofaffin fankokin silin masu cin wat 70, lissafin ya kusa ninkawa, shi ya sa nake matsa wa kwamitin makaranta su sayi masu cin wuta kaɗan ko da sun fi tsada.

Ga abin da na fi so a gane. Makaranta da rana take aiki, daga ƙarfe takwas zuwa azahar, daidai lokacin da allo yake ba da wuta. Gida ne ke buƙatar tulin batura saboda dare. Batir shi ne mafi tsada a cikin kayan, kuma shi ke fara mutuwa. Makaranta irin wannan, batirin lithium ɗaya mai bolt 24 da am 100 ya ishe ta: zai riƙe fitilun tsaro da dare, ya tallafa idan hadari ya haɗo. Sai dai in ana Islamiyya ko ajin yaƙi da jahilci bayan magariba, to a saka waɗannan awoyin cikin lissafi tun farko. Idan kuɗi bai kai ba aka sayi batirin ruwa, kada a bari ya sauka ƙasa da rabi, kuma ruwan batir na kanti ake zuba masa, ba na rijiya ko na leda ba. A ajiye shi a ɗaki mai iska, domin zafin bazara yana rage masa kwana.

Wajen ɗaurawa, allo ya fuskanci kudu, a ɗan karkata shi kamar digiri 12 zuwa 15, yadda ruwan sama zai wanke shi ya gangara. A duba inuwa da safe da kuma hantsi. Reshen darbejiya ɗaya da ya rufe gefen allo yana iya karya ƙarfinsa sosai. A sa kafinta ya hau ya duba katakon rufin, don rufin ajujuwa da yawa gara ta cinye shi, iskar farkon damina kuwa tana ɗauke kwano da allo gaba ɗaya. Idan rufin bai da ƙwari, a kafa turakun ƙarfe masu tsayi kusa da ɗakin maigadi, a walde notunan. Wayoyi su bi cikin bututu, sama da inda hannun yaro zai kai, kuma kada a yarda mai haɗawa ya tafi bai binne sandar ƙarfe ta kariya daga tsawa ba.

Lokacin hunturu ƙura na kwanta a kan allo har a rubuta suna da yatsa. Sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, babba ya goge shi da ruwa da tsumma mai laushi. Ba aikin ɗalibai ba ne, kada a tura yaro kan rufi.

Sai maganar kuɗi da riƙo. Kwamitin SBMC, wato kwamitin kula da makaranta, shi ne ya dace ya jagoranta, tare da mai unguwa da iyayen yara. A rubuta takarda ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a haɗa da lissafin nan, a kuma tuntuɓi tsofaffin ɗalibai da ke birni. Ko wa ya biya, a rubuta a takarda cewa kayan na makaranta ne, a ba mutum ɗaya mabuɗin ɗakin batir. A hana dutsen guga da hita, don su ke ƙona inbata. Bayan an tashi, wutar da allo ke samarwa tana tafiya a banza, saboda haka a buɗe cajin waya ga mutanen gari a farashi mai sauƙi, a riƙa rubuta kuɗin a littafi, ma'aji ya karanta shi a kowane taron kwamiti. Wannan asusun ne zai sayi sabon batir da fiyus idan lokacinsu ya yi.