Karanta ƙwayoyin ɓargo ɗaya bayan ɗaya: inda aka fi yin kuskure

A 2009 aka fara karanta RNA (saƙon da ke nuna aikin da ƙwaya ke yi) na ƙwayar halitta guda ita kaɗai, a 2015 kuma dabarar Drop-seq, mai saka kowace ƙwaya cikin ɗigonta, ta sa ana karanta dubbai a zama ɗaya. Ɗaliban Jami'ar Bayero da na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano masu son gwada wannan a kan iyayen ƙwayoyin jini, wato ƙwayoyin ɓargo da ke haifar da sauran ƙwayoyin jini, musamman na masu sikila, su sani yawancin ɓarna tana aukuwa ne tun samfur bai ga na'ura ba.

Jinkiri ne kan gaba. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40. A ɗebi ɓargo da safe, a bar shi kan tebur ana jiran wuta, ƙwayoyi su yi ta mutuwa. Daga baya sai ka ga kason RNA na mitokondriya (sashen ƙwaya mai samar da kuzari) ya yi tashin gwauron zabi, alamar ƙwayoyin sun lalace. A tace da Ficoll, ruwan da ke rarrabe ƙwayoyin jini, nan take, a ƙirga masu rai. In waje za a aika, a daskarar sannu a hankali da DMSO kashi 10, sinadarin da ke kare ƙwayoyi daga ƙanƙara, a ajiye cikin ruwan naitirojin. Firizar gida ba ta wannan aikin.

Iyayen ƙwayoyin nan ba su da yawa, don haka a ware masu ɗauke da alamar CD34 a jikinsu tukuna. Amma kada a kira dukkansu iyaye. Yawancinsu sun riga sun kama hanyar zama wani jinsin ƙwaya, sai an duba alamar CD38 kafin a bambanta su. Jajayen ƙwayoyin da suka fashe kuwa suna yaɗa RNA na hemogulobin ko'ina, manhajar SoupX na taimakawa wajen share shi.

Sai cusa wa na'ura ƙwayoyi don tsimin kuɗi. A na'urar Chromium ta kamfanin 10x Genomics, in ka nemi ƙwaya 10,000, wani kaso daga cikinsu kan shiga ɗigo ɗaya bibbiyu. A binciken ɓargo wannan mugun tarko ne, domin ƙwaya biyu a haɗe tamkar ƙwaya ce mai rikiɗa daga wani jinsi zuwa wani, mutum ya ɗauka ya gano sabon abu. A bi da manhajar gano bibbiyu, DoubletFinder ko Scrublet, kafin a yi murna.

Wanda ya fi ba ni takaici na lissafi ne. Ƙwaya 20,000 daga mutum biyu, mutum biyu ne. A tara sakamakon kowane mutum wuri guda, sannan a kwatanta. Kuma kada a sarrafa na masu sikila ran Litinin, na masu lafiya ran Alhamis. A gauraya su kowace rana, in ba haka ba bambancin ranakun za ka auna.