Yadda ake sarrafa dusar shinkafa da fumfuna don ƙarin abincin kaji

Fosbayotik shi ne abin da ke saura bayan ƙwayar halitta mai amfani ta ci abinci, ta zuba sinadaranta a ciki, sannan aka kashe ta da zafi. A nan fumfuna ce ƙwayar halittar, dusar shinkafa kuma ita ce abincinta. Dusar da injinan casar shinkafa na Kura da Haɗeja ke fitarwa ta dace da wannan aiki, in sabuwa ce. Wadda ta daɗe a buhu man da ke cikinta kan lalace, ta yi ɗaci.

A tankaɗe dusa kilo 10 don a rage buntu, domin fumfuna ba ta cin sa sosai. A haɗa da dakakkiyar tunkuza kilo 1, a yayyafa ruwa lita 6. A damƙa a gani: ta dunƙule, amma kada ruwa ya ɗiga tsakanin yatsu. Sai a turara a madambaci minti 45, a baza a kan tire mai tsabta har ta huce.

Iri, wato fumfunar da za a zuba wa dusar, shi ne wurin da ake yin ɓarna. A nemi Rhizopus oligosporus ko Aspergillus oryzae daga ɗakin gwaje-gwaje, kamar giram 20. Kada a kuskura a kankaro fumfunar tsohuwar masara ko gyaɗa. Aspergillus flavus, wadda kan kama su, mai dafin afulatoksin, kamarta ɗaya da oryzae a ido, kuma dahuwa ba ta kawar da dafin.

A cakuɗa irin sosai, a shimfiɗa da kaurin yatsu uku, a rufe da ƙyalle mai ɗanshi. Zafin da ake so wajen digiri 30 ne. Bayan kwana ɗaya dusar za ta fara ɗumi da kanta, to da bazara a juya ta, don in ta haura digiri 40 fumfunar za ta tsaya. Da hunturu kuwa bushewa ce matsalar.

Cikin awa 48 zuwa 72 farin zare kamar auduga zai kama dusar, da ƙamshi mai daɗi. In kuwa aka samu warin ruɓa, yauƙi ko jan tabo, a binne dusar kawai.

A sake turarawa minti 20, a shanya har ta bushe ƙayau, a niƙa, a ɗaure a leda. A fara da kilo 2 cikin kilo 100 na abinci, ana lura da kashin kajin kafin a ƙara.