Yadda ake zaɓen jakar jitar lantarki mai araha da ƙarko

Matasan Bauchi masu kaɗa jita sun sha tambayata wace jaka za su saya. Ga matakan.

1. Ka auna tsawon jitarka da tef ɗin tela. Tsawon yawancin jitar lantarki kusan mita 1 ne.

2. Ka tafi da jitar wurin mai sayarwa, ko shago ne ko 'yan gwanjo.

3. Ka matsa soson jakar da yatsu biyu. Kada kaurinsa ya gaza milimita 10, kodayake ni na fi son 20.

4. Ka saka jitar ciki, ka rufe, ka girgiza a hankali don ka ji ko tana kai da komo a ciki.

Gargaɗi: kada ka karɓi jakar jitar da ba ta lantarki ba don ta fi araha, domin zurfinta ya yi yawa, jitarka za ta riƙa kai da komo a ciki har wuyanta ya ji jiki, musamman samfurin jitar da ake kira Les Paul mai lanƙwasasshen kai.

5. Ka ja zif ɗin daga farko har ƙarshe, domin nan ƙurar hunturu take fara yin ɓarna.

6. Ka duba ɗinkin maratayan da kyau kafin ka yi ciniki, tunda su ne za su sha gargadar hanya a Keke Napep.