Yadda ake yi wa wayar Android rutin da kwamfuta

Rutin shi ne samun cikakken iko a kan tsarin wayar, har da sassan da kamfani ya kulle. Yaran da suke koyon gyaran waya a shagonmu na Sabon Gari kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe: kwamfuta ta ƙi ganin wayar, su kuma su ɗora wa manhajar rutin laifi. Sau da yawa ba laifinta ba ne.

Fara da duba sigar Android ɗin. Manhajojin da ke yin aikin da dannawa ɗaya, irin su KingoRoot da iRoot, sun fi ci a kan Android 4 da 5, domin ɓarakar tsaro suke bi su shiga, kuma an toshe yawancin ɓarakar nan a sigogin da suka biyo baya. Sabuwar waya hanyarta daban, sai an buɗe bootloader, wato shirin da ke tayar da wayar wanda kamfani ke kullewa, an sa manhajar rutin mai suna Magisk, buɗewar kuma tana goge komai na ciki. A tsofaffin wayoyi KingoRoot na kwamfuta kawai nake yarda yarana su taɓa.

Kwashe hotuna da lambobi, cajin ya haura rabi. Kwamfutar tebur kuwa, in babu UPS (na'urar batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) ko janareta, kar ka soma. An taɓa ɗauke mana wuta ana tsakiyar aiki, wayar wani ɗalibi daga Samaru ta maƙale a kan tambari, sai da muka yi mata filashin, wato muka sake ɗora mata tsarin Android ɗinta.

Shiga Settings, ka je About phone, ka danna Build number sau 7. Developer options zai bayyana, ka kunna USB debugging, wanda ke ba kwamfuta damar ba wayar umarni ta kebul.

To, ga inda ake shan wahala. Kebul mai arha da yawa caji kawai yake yi, ba ya ɗaukar bayanai. Waya za ta nuna tana caji, ka zaci komai ya yi, alhali kwamfuta ba ta san da zamanta ba. Nemi kebul ɗin asali, ko da ya fi tsada, ka soka shi a ramin USB na bayan kwamfutar, na gaba ba shi da tabbas. Sannan sai ka sa wa kwamfutar direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa ta gane wayar: tsofaffin Tecno da Infinix galibi firosesan kamfanin MediaTek ne a cikinsu, direbansa suke buƙata, Samsung kuma tana da nata. Bayan duk wannan, buɗe fuskar wayar ka duba. Wani ɗan saƙo yana fitowa yana neman izinin haɗawa da kwamfutar, in ba ka danna OK ba, ko kwana za ka yi ba abin da zai motsa. Na ga wanda ya sauke manhaja uku, da datarsa, saboda wannan saƙon kaɗai.

Da sunan wayar ya fito a manhajar KingoRoot da ka sa a kwamfutar, danna Root ka cire hannunka. Za ta iya mutuwa ta tashi da kanta, kar ka zare kebul. In ta gama, sa manhajar Root Checker a wayar ka tabbatar rutin ɗin ya yi.

Garanti ya tafi ke nan, kuma manhajojin banki da dama suna ƙin buɗewa a wayar da aka yi wa rutin, don haka kar ka gwada a kan wadda kake tura kuɗi da ita.