Yadda Ake Ɗora Jakunkunan Iska a Tsohuwar A-Kori-Kura

Masu koyo sukan gama ɗora jakar iska, wato jakar robar da ke maye gurbin sifirin mota, da yamma, mota ta tashi ta sauka a gaban abokai ana ta shewa, washegari da asuba a tarar da ita ta durƙusa ta gefe ɗaya. Kusan kullum daga fayif matsalar take, don haka a can zan fi daɗewa.

Da Chevrolet C10 ta Amurka, ƙirar 1967 zuwa 1972, zan yi misali, domin ita ce mafi sauƙi: gaba da baya duk sifirin murɗaɗɗe gare ta, sai ka cire shi jaka ta zauna a gurbinsa. Daga 1973 bayanta ya koma sifirin falle-falle irin na a-kori-kurar Peugeot 504 ɗinmu, wannan kuwa sai an yi walda an sake ɗaurin bayan gaba ɗaya. Idan mai falle-falle gare ka, nemi mai walda tun yanzu.

Abin da za ka tanada: jaka huɗu da faifan zamansu, kwamfuresa, tankin galan biyar, bawul takwas, matattarar ruwa, geji, da fayif na nailan mai tambarin DOT, wato Ma'aikatar Sufuri ta Amurka. Bawul takwas na ce, biyu ga kowace taya. Wanda ya haɗa jakar hagu da ta dama a layi ɗaya don rage kuɗi, in ya sha kwana iskar za ta gudu ɗaya gefen, motar ta kishingiɗa. Fayif kuma ni inci 3/8 nake sawa. Mai rabin inci yana cilla mota sama da ƙarfi, abin burgewa ne na mako ɗaya, daga nan ya ishe ka.

Ɗora shasi a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, ka cire batir. A gaba, tokare hannun ƙasa, wato ƙarfen da sifirin ke zaune a kai, da jak kafin ka saki ƙullin da ke riƙe da shi, sannan ka sauke jak ɗin sannu a hankali. Sifirin da ke a matse in ya kuɓuce yana karya ƙashi. Ɗaura jakar, sannan tun ba ka sa mata iska ba, ɗaga hannun ka sauke shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe kana zagaya jakar da yatsa. In akwai inda yatsanka bai shiga ba tsakaninta da ƙarfe, goge wurin da giranda. Roba ce, gogayya kaɗan take jira.

Yanzu fayif. Kada ka yanka shi da filaya, kada da almakashi, domin suna matse bakin ya zama kamar ƙwai, zoben robar da ke cikin mahaɗin da fayif ɗin ke shiga kuma zagayayyen baki kawai yake kamawa. Sayi ɗan abin yankan fayif, bai kai kuɗin mahaɗi biyu ba. Yanka a miƙe, duba bakin a haske, in ka ga karce a jikinsa sake yankewa. Tura shi cikin mahaɗin: za ka ji ya tsaya, ƙara turawa, zai sake shiga kaɗan. A tsayawar farko yawancin mutane ke sakin hannu, alhali bai wuce zoben ba. Ja shi baya ka ji ya kama. Kuma kada ya lanƙwasa daf da bakin mahaɗi, bar masa ɗan tsawo a miƙe, in ba haka ba zai riƙa danne zoben ta gefe yana tsiyayar da iska.

Wajen mahaɗai masu zare, waɗanda ake murɗawa kamar noti, man toshe zare na ruwa na fi so a kan farin tef. Tef ɗin yana yagewa, guntunsa ya bi iska ya maƙale cikin bawul, ka wayi gari kana zagin bawul ɗin da ba shi da laifi. In dole sai tef, bar zaren farko biyu tsirara.

Bi da fayif ta cikin shasi, nesa da salansa, duk inda ya ratsa ramin ƙarfe sa masa zoben roba. Bayan haka cika tankin, ka fesa ruwan sabulu a kowane mahaɗi. Babban kumfa kowa yana gani. Mugun shi ne ƙananan ƙwayoyin da ke taruwa bayan minti biyar, don haka fesa ka je ka sha ruwa ka dawo. Rubuta abin da geji ya nuna a kowace jaka, ka duba da safe. Sanyin dare yana rage kaɗan a duka huɗun daidai wa daida. In guda ɗaya ce ta faɗi ita kaɗai, layinta na yoyo.

Wuta ba wani abu ba ne. Kwamfuresa yana jan wajen amfiya 20, saboda haka waya mai kauri, rile, da fis kusa da batir. Makunnin matsi zai kashe kwamfuresan in iskar tanki ta kai 150 ko 200 psi (ma'aunin ƙarfin iska), gwargwadon wanda ka saya. Matattarar ruwa tsakaninsa da tanki, ka riƙa zubar da ruwan tankin, musamman da damina. Da hunturu kuma ƙura ke toshe matatar iskarsa, ka ja bakin shaƙarsa zuwa cikin mota.

A baya, in kana son ta kwanta ƙasa sosai, sai an yanke shasi an ƙarfafa shi a saman akis, a sa sandar Panhard mai daidaituwa don kada akis ɗin ya karkace gefe. Canja shok zuwa gajeru, ka bar robar tokare a wurinta ko da jaka za ta fashe a hanya. Zaɓi tsayin da za ka riƙa tuƙi a kai, a wannan tsayin za a yi maka saitin taya.